Me ya kai mai son aikin asibiti karatun ilimin zamantakewa?

Baffan ɗaliba, Idi-Araba:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na kawo muku wata magana ce da ta daɗe tana ci mini rai, kuma da yake a cikinmu akwai likitoci da ma'aikatan jinya da malaman makaranta, ina roƙon a haska mini. Maganar 'yar ƙanina ce, wadda riƙonta ya dawo hannuna bayan rasuwar mahaifinta, Allah ya jiƙansa. Tun tana ƙarama ba ta da zance sai na asibiti, kuma duk wanda ya san unguwarmu ya san cewa asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, muke kallo safe da yamma, har maƙwabta sun fara kiranta likita tun ba ta gama sakandare ba. Yanzu tana shirin shiga aji biyu a Jami'ar Legas da ke Akoka, amma abin da take karantawa shi ne ilimin zamantakewar al'umma, wanda suke kira soshiyoloji. Na biya kuɗin shekarar farko da tsammanin za ta nemi a sauya mata, sai ga shi ta zo ta durƙusa ta ce mini ita a nan take so ta zauna. Ni ɗan kasuwa ne, bokona bai yi nisa ba, amma ban taɓa shiga asibiti na ji an ce a kira mai soshiyoloji ya duba mara lafiya ba. Ina son in san abin da zai kai mai son lafiyar jama'a wannan karatu, da aikin da zai ci abinci da shi bayan shekara huɗu. Na sa an shigo da ita zauren domin ta yi bayani da bakinta, kada ya zama na yi mata shari'a a bayan idonta.

Ma'aikaciyar jinya, Agege:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya saka da alheri bisa riƙon marainiya. Ni dai zan faɗi gaskiyar abin da ke raina, ko da 'yata ba za ta ji daɗinsa ba. Na fi shekara ashirin ina aiki tsakanin ɗakin awo da ɗakin haihuwa, kuma abin da ya fi damuna a garin nan shi ne ƙarancin 'ya'yanmu mata masu jin Hausa a bakin gadon mara lafiya. Mace za ta zo daga Zangon Agege ko Alaba Rago, ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci, sai a nemo ni daga wani sashe domin kawai in tambaye ta yaushe ruwa ya fashe. Idan yarinya mai ƙwaƙwalwa da tausayi ta bar wannan gurbi ta tafi karatun da ba ya taɓa jikin mara lafiya, ni a wurina asara muka yi. Ko likitanci bai samu ba, ai ga aikin jinya, ga ungozomanci, ga haɗa magunguna, kuma duk cikinsu babu wanda mai shi yake kwana da yunwa. 'Yata, ki faɗa mana tsakaninki da Allah: so ne ya kai ki can, ko kuwa makin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ne bai kai ba?

Ɗalibar, Akoka:

Ina gaishe da Baffa, ina gaishe da Anti da sauran iyayena da ke wannan zaure. Anti ta yi tambaya a fili, don haka zan ba da amsa a fili. A karon farko na zauna JAMB da darussan kimiyya ina neman likitanci, kuma makina bai kai ba. Wannan gaskiya ne, ba na ɓoye shi. Amma a shekara ta biyu hanya a buɗe take in sake gwadawa ko in nemi makarantar jinya, kuma ni da kaina na sauya darussan da zan zauna. Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a shekarar da na yi a gida.

A wannan shekara na zama tafintar matan unguwarmu, duk wadda za ta asibiti sai ta aiko a kira ni. A cikinsu akwai wata amarya da aka kawo daga ƙauye, mijinta mai gadi ne a can Lekki, ba kullum yake kwana a gida ba. Cikin fari ne. Naƙuda ta kama ta bayan sallar isha, amma kunyar haihuwar fari ta sa ta danne har asuba ba ta gaya wa kowa ba. Da matan gida suka gane, aka ba ta rubutu, aka zauna ana jira. Da hantsi ya yi abin ya ƙi, sai aka tambayi manya ko a kai ta asibiti, aka ce a jira mijinta, domin ba a fita da matar mutum ba da izininsa ba, kuma ba a san wanda zai ɗauki nauyin kuɗi ba. Wayarsa a kashe take. Sai bayan la'asar ya iso saboda cunkoson hanya, sannan ya fita neman rance. Ba mu shiga asibiti ba sai bayan isha ta biyu, alhali tafiyar da ke tsakanin gidan da asibitin ba ta fi ta minti goma a ƙafa ba. Likitocin sun yi duk abin da ya kamata, an yi mata aiki, ita ta rayu, jaririn kuwa ya riga ya koma. Likitan ya ce in tambaye ta abin da ya hana su zuwa tun jiya. Na fassara mata tambayar, ta yi shiru tana kallon bango, ni ma ban sami abin da zan mayar masa ba.

Sai da na shiga jami'a na tarar cewa wannan abu yana da suna a ilimi. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana cewa jinkiri uku ne ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar neman taimako, da jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Duk ilimin likita yana fara aiki ne a kan na ukun. Na farkon kuwa, wanda ya cinye wa maƙwabciyarmu kusan kwana guda, a tsakar gida yake faruwa, kuma abin da ke cikinsa shi ne kunya, da izini, da kuɗi, da wanda maganarsa ke da nauyi a gidan. Wannan nake son in karanta, Baffa, domin na ga cewa da ni ce likitar da ke aiki a daren nan, da babu abin da zan iya ƙarawa a kan abin da aka yi.

Likita, Ikeja:

Ƙanwata, labarinki ya taɓa ni, kuma duk wanda ya yi aikin dare a sashen haihuwa ya ga irinsa. Sai dai ina da ja a kan inda kika kai maganar. Kada a ɗauka cewa makarantar likitanci ba ta san da waɗannan abubuwa ba. A cikin shekara shida da muke yi akwai sashen kiwon lafiyar al'umma, ana tura mu ƙauyuka da unguwanni, kuma jinkiri ukun nan da kika ambata a aji muka karanta shi. Sannan ki duba waɗanda suka fi kowa haɗa lafiya da zamantakewa, za ki ga likitoci ne. Rudolf Virchow, wanda aka aika ya binciki annobar zazzaɓi a yankin Silesiya da ke Turai a 1848 ya dawo ya ce talauci da rashin ilimi da zalunci ne tushenta, likita ne. John Snow, wanda ya bi diddigin kwalara a Landan a 1854 har ya gano famfon da mutane ke ɗibar ruwa, likita ne. A nan gida, Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992 ya kafa ginshiƙin kiwon lafiya a matakin farko, likitan yara ne daga nan Idi-Araba ɗin da kuke. Likita yana iya koyon zamantakewa daga baya, amma mai digirin zamantakewa ba zai taɓa riƙe wuƙar tiyata ba. Kuma ki sani, a ma'aikatun lafiya na ƙasar nan har gobe maganar likita ake fara saurare.

Malamin makaranta mai ritaya, Obalende:

Likita ya kawo hujja mai ƙarfi, amma ina ganin misalan nasa sun fi taimakon yarinyar nan fiye da yadda suka taimake shi. Abin da ya sa muke tuna Lambo da Ransome-Kuti a cikin dubban likitocin zamaninsu shi ne sun yi abin da sauran ba su yi ba, wato sun fita daga asibiti sun dubi yadda mutane ke rayuwa. Da makarantar likitanci tana ba kowa wannan ido, da ba su zama abin ambato ba.

Bari in tuna mana abin da ya faru a kan idonmu a wannan gari na Ikko. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, aka kwantar da shi a wani asibiti a nan Obalende, kuma Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu a watan Agusta. Wannan aikin likita ne, kuma ba mai raina shi. Amma bayan nan sai da aka bi mutum kusan 900 gida gida ana duba su kullum har kwana 21, ana lallashin wanda ya tsorata, ana neman wanda ya ɓuya, ana shawo kan maƙwabtan da ke son korar iyalin wanda ya kamu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta ƙare a Najeriya. A tsakiyar wannan ne aka tashe mu da asuba da wayoyi daga gida cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har wasu suka rasa rayukansu ta dalilinsa. Ni ma an kira ni, kuma wanda ya kira ni mai digiri ne. Yadda jita-jita ke tafiya daga baki zuwa baki, da dalilin da ya sa mutum ya fi yarda da ɗan'uwansa fiye da sanarwar gwamnati, ba a ɗakin gwaje-gwaje ake gano shi ba.

Wanda ya fi wannan kusa da mu shi ne shan-inna. A 2003 aka dakatar da ɗigon riga-kafi a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin yana hana haihuwa, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Maganin lafiyarsa ƙalau, yarda ce ta karye. Masu cewa jahilci ne kawai sun manta cewa a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara 200, inda 11 suka rasu, kuma mutane ba su manta ba. Abin da ya gyara lamarin shi ne shigo da sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa masu shiga gida gida, har aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Sannan Alhaji, kada ka ɗauka wannan ilimi baƙo ne a wurinmu. Ibn Khaldun, wanda annoba ta ɗauke iyayensa biyu a Tunis yana saurayi, ya rubuta Muƙaddima a 1377 a kan yadda al'umma ke haɗuwa da yadda take lalacewa, kuma malaman wannan fanni da yawa suna lissafa shi cikin waɗanda suka fara shi.

Mai kemis, Mile 12:

Ni a nawa ɓangaren, kafin mutum ya je wurin Likita ko wurin Hajiya ma'aikaciyar jinya, wurina yake fara zuwa. Ɗan dako zai shigo da zazzaɓi ya ce in haɗa masa na ɗari biyar, in ce masa maganin na kwana uku ne kuma sai an sha shi duka, ya ce abin da ke aljihunsa ke nan. Idan na ce ya je asibiti, sai ya lissafa mini kuɗin kati da kuɗin gwaji da yinin da zai rasa bai ɗauki kaya ba. An yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 2022, jihar nan ma tana da nata tsarin na Ilera Eko, amma yawancin masu zuwa shagona ba su taɓa jin sunansa ba. Don haka na yarda akwai aiki a wurin da yarinyar nan ta nuna. Abin da ban ji an amsa ba shi ne tambayar Alhaji ta biyu. Aikin yana nan, amma wa zai biya ta albashi ta yi shi? Na san masu digirin nan da ke zaune a kasuwarmu suna rubuta rasit.

Ɗalibar, Akoka:

Na gode wa Malam, na gode wa Likita. Yaya mai kemis ya yi gaskiya, kuma ba zan yi wa Baffa alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Wanda ya gama likitanci ko jinya yana fita da lasisi, ni kuwa zan fita da digiri kawai, kuma idan na yi karatun da wasa zan iya ƙarewa a inda ya faɗa. Amma ƙofofin suna nan. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, wanda ke bin lamarin waɗanda suka kasa biyan kuɗi da waɗanda danginsu suka gudu suka bari. Hukumomin kiwon lafiya a matakin farko da ƙungiyoyin da ke aikin riga-kafi suna ɗaukar masu wayar da kan jama'a da masu tattara bayanai. Akwai kuma digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, wanda wasu jami'o'i ke karɓar masu irin digirina, kuma can na nufa in Allah ya yarda.

Game da maganar Likita, ban ce makarantarsu ba ta san da wannan ba. Abin da nake cewa shi ne a wurinsu 'yan makonni ne a cikin shekara shida, a wurina kuwa shi ne karatun gaba ɗaya: yadda ake tsara tambayoyi, yadda ake zaɓen gidajen da za a shiga domin sakamakon ya wakilci unguwa, yadda ake hira da mace har ta faɗi abin da ba za ta faɗa a gaban mijinta ba, da ƙididdiga, da ilimin yawan jama'a. Likitoci ne a Zariya suka gano tun shekarun 1970 cewa yawan ciwon zuciya bayan haihuwa yana da alaƙa da kunun kanwa da zafin wankan jego, amma yau shekara kusan hamsin ke nan ana yi, domin ba mai jegon ce ke yanke shawara ba, mahaifiyarta ce ko uwar mijinta, kuma su ba su ne ke zuwa awo su ji bayani ba.

Ga kuma abin da ya fi damuna. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa 39 cikin 100 ce kawai ake yi a asibiti a faɗin Najeriya, a Arewa maso Yamma ba ta kai 20 ba, a Legas kuwa wajen kashi uku cikin huɗu ne. Adadin Legas ya haɗa matar Ikoyi, unguwar masu hali, da amaryar da na ba da labarinta a lissafi ɗaya, don haka duk mai tsara manufa da ya kalle shi zai ce nan babu matsala sosai. Matanmu sun ɓace a cikin wannan adadi. Ina son aikin kammala digirina ya zama a kansu, a Idi-Araba da Agege, da harshen da suke ji.

Ma'aikaciyar jinya, Agege:

'Yata, maganar uwar miji da kika yi ta same ni, domin shekara da shekaru ina yi wa masu ciki bayani ranar awo, su gyaɗa kai su tafi, su dawo bayan haihuwa da ƙafa a kumbure. Ban taɓa tunanin in ce a zo mini da tsofaffin ba. Akwai kuma tsoron aiki, domin mata da yawa sun ɗauka cewa duk wadda ta zo asibiti da wuri yanka ta za a yi, kuma wadda aka yi wa aiki ana yi mata kallon raguwa a cikin dangi. Ki sa wannan a cikin tambayoyinki. Har yanzu da ni ce mai zaɓa miki da fararen kaya zan sa miki, domin gurbin da na faɗa yana nan babu kowa. Amma idan kin sami hutu ki zo ki zauna da ni ranar awo, zan nema miki izini a wurin shugabarmu.

Likita, Ikeja:

Ban sauya ra'ayina ba cewa hanyar da ta bi ta fi tsawo kuma ta fi haɗari ga mai neman abin kansa. Tunda ta zaɓa, shawarata ita ce ta riƙe darasin ƙididdiga da hannu biyu, ta koyi sarrafa bayanai a kwamfuta tun yanzu, domin a taron da likitoci suka cika, wanda ya zo da labari kawai ana tausaya masa ne a wuce, wanda ya zo da adadi kuwa dole a amsa masa.

Baffan ɗaliba, Idi-Araba:

Na karanta duk abin da aka rubuta, wasu sau biyu, kuma na gode wa kowa. Akwai abin da 'yata ta sakaya saboda ladabi, ni kuwa ba zan iya barinsa a sakaye ba. Da ta ce an tambayi manya aka ce a jira mijinta, ni aka tambaya. A gidana suke haya, matan sun same ni a ƙofar gida ina shirin fita kasuwa, kuma ni na ce a jira. A lokacin ina ganin hakkin maƙwabcina nake karewa, kuma ga mota a ajiye, ga kuɗi a aljihuna da sun isa a karɓe ta. Shekara biyu ke nan ban taɓa furta wannan ga kowa ba, ban kuma san cewa abin da ya juya karatun yarinyar nan ke nan ba sai yau. Ina neman gafarar Allah.

Zan biya kuɗin makarantar a wannan mako. Tsoron da nake yi mata game da aiki bai tafi ba, kuma zan riƙa tambayarta sakamakon darasin ƙididdigar da Likita ya ambata. Hajiya, ki sanar da mu ranar da kuke awo, ni zan kawo ta Agege da kaina. Malam, ina son mu yi magana bayan sallar Juma'a a kan yadda za a tara magidantan layinmu, kowa ya faɗi a gaban shaidu wanda ya wakilta ya kai matarsa asibiti idan naƙuda ta zo ba ya gida.